Yawan Saƙonni Ba Ya Nuna An Yi Nasara

Ya Edita,

Na karanta rahotonku na kwanan nan kan yaƙin intanet da farfaganda tsakanin Rasha da Yukiren. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka ɗauki yawan saƙonnin da aka yaɗa a matsayin shaidar nasara.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Amurka da ƙawayenta sun watsa wa sojojin Iraƙi takardu kusan miliyan 29, da yawansu na kiran su su miƙa wuya, dubun-dubata kuwa suka miƙa. Amma mutanen nan sun shafe makonni ana yi musu luguden bama-bamai, ga yunwa. To, takarda ce ta karya musu lago ko bam? Wanda ya buga takardar dai, ba shakka, zai ce aikinsa ne.

Haka kutsen intanet da aka yi wa kamfanonin rarraba wuta a Disambar 2015 ya katse wa 'yan Yukiren fiye da 200,000 wutar lantarki, amma injiniyoyi suka maido da ita da hannu cikin sa'o'i shida.

Ina roƙon wakilanku su riƙa tambayar kakakin soja: me abokin gaba ya fasa yi saboda harin, na tsawon wane lokaci, kuma wa ya auna ban da masu harin kansu?

Naku,
Mai karatu daga Zariya