Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jahar Maraɗi: a buɗe wa 'yan mata ɗakin kwamfuta da hantsi

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ba zan ja gaisuwa ba, na san takardun da ke jiranka a tebur sun fi ƙarfin yini guda.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Maraɗi. Ba zan kama sunanta ba, don abin da na kawo maka ya wuce lakwal guda. In na sauka daga aikin allo, da dare ina rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji, na lissafin kayan shago da na bashin da suke bi, da shi nake cike giɓin albashi. Na faɗi haka ne don ka san mai maganar ta taɓa abin da hannunta.

Muna da ɗakin kwamfuta. Wata ƙungiya ce ta kawo na'urorin, aka yi biki, aka yi jawabai, aka jera 'yan mata a sahun gaba don hoto ya yi kyau. Tun daga ranar ɗakin nan ba ya buɗewa sai bayan la'asar. Dalilin da aka ba mu shi ne kwamfuta ba ta da gurbi a jadawalin darussanmu, kuma mushen da ke riƙe da makulli yana da azuzuwa da safe. Saboda haka wanda ke so ya komo da marece.

Ranka ya daɗe, ina ɗiyar talaka take tsakanin la'asar da magariba a garin nan? Tana islamiyya, ko tana layin famfo, ko tana gaban murhu da ƙanenta goye a baya, ko tana yawo da faranti a ka tsakanin Bagalam da Zariya. Ɗan'uwanta kuwa, da ya ajiye jaka ya ci abinci, duniya tasa ce: in ya so filin ƙwallo, in ya so fada wurin shayi, in ya so ɗakin kwamfuta. Ko da an samu gidan da aka ɗauke wa yarinya aiki, wane uba ne zai bar 'yarsa mai shekara 14 ta zauna a ɗaki da samari talatin da malami namiji, ta hau kabu-kabu ta komo gida ana kiran salla? Ni ban ga laifin uban ba. Da ɗiyata ce, ni ma sai na yi tunani.

Ƙarshen shekara aka ƙirga rajista. Maza sun cika shafuka, mata uku. Rahoto ya hau sama a haka. Sai ga shi a wani taro wani jami'i, da takardar nan a hannunsa, yana gaya mana cikin tausayi cewa an yi ƙoƙari amma 'yan mata ba su da sha'awar abin, wai dama Allah bai yi su da kan na'ura ba. Mutane suka gyaɗa kai. Na ɗaga hannu, lokaci ya ƙare. An doke mu an hana mu kuka. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ita ce za ta zama hujja gobe in an zo rabon kayan aiki: a kai wa masu sha'awa.

Ban ce mace da namiji ɗaya ba ne, ba wannan gardamar na zo yi ba. Abin da na sani shi ne bambancin da jami'in nan ya gani a takarda, mu muka gina shi tun daga tsakar gida. A gidanmu in rediyo ya lalace, yayana ake miƙa wa, ya kwance shi da tsinin wuƙa, ya ƙara lalata shi, a yi dariya a ce yaron nan zai yi bakanike. Ranar da na kai hannu, sai da aka buge min shi. Yaro yana tashi da sanin cewa ɓata abu ba ƙarshen duniya ba ne. Yarinya tana tashi da sanin cewa in tuwo ya yi gudaji, sunanta ne ya ɓaci har gidan maƙwabta. To shi rubuta manhaja, daga safe har dare kuskure ne. Ka rubuta, ta ƙi, ka nemi waƙafi guda da ka manta, ka sake, ta sake ƙi ta wata fuska. Wanda aka horar da shi ya ji kunyar kuskure, a nan zai fara tsayawa. Na gani da idona: yaron da bai iya warware lissafin aji ba yana dukan maɓallai kamar mai kiɗan kalangu, yarinyar da ta fi kowa maki kuma ta naɗe hannu cikin hijabi tana tambayata, "Madam, in taɓa?" Na taɓa satar makullin na mako biyu, da izinin mai shi, na shiga da 'yan matan su kaɗai lokacin hutun hantsi. Kafin mako biyun su cika tambayar nan ta ɓace, sai faɗa a kan kujera. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, sai dai mu tambayi kanmu wajen da muka tanƙwara shi.

Kuma wai ba su da kai. Yarinyar da ke talla tana ƙirga da dala, kuɗin da ke hannunta kuma an rubuta su da faran. In ka sayi kayan 375 ta san dala saba'in da biyar ke nan, ta ba ka canji kafin ka ciro salula. Baƙo daga Jibiya ya miƙo mata naira, ta juya ta zuwa sefa bisa canjin ranar, da faranti a ka, tana kallon mota kada ta banke ta. Uwarta fa? A jahar nan aka fara Mata Masu Dubara a 1991, asusun adashi da bashi da matan karkara ke gudanarwa da ƙa'idojin da suke riƙewa a ka, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba: nawa kowa ke zubawa, wa ke bin bashi, yaushe za a biya, me za a yi in an saɓa. Tsarin ya fita daga Nijar ya bazu ƙasashe da dama, ana koyar da shi a matsayin abin koyi. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa jera ƙa'idoji irin wannan, in kaza ya faru a yi kaza, shi ne ƙashin bayan aikin. Jikokin matan nan ne ake cewa ba su da kai.

Ka yi min haƙuri in fita waje kaɗan, don jami'in nan yana son hujjar Turawa. A Amurka, na'urar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, da aka kammala a 1945, mata shida ne suka fara tsara mata aiki, lokacin ana ganin ƙera ƙarfen shi ne aikin maza, ba shi umarni kuwa aikin mata ne. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar da ta sauke kumbon Apollo 11 a kan wata a 1969. A 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin ɗari na digirin ilimin kwamfuta a ƙasar, daga baya adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20. Ƙwaƙwalwar matan Amurka ce ta canza cikin shekara ashirin? Abin da ya canza shi ne kwamfuta ta shiga gidaje ana tallarta a matsayin kayan wasan yara maza, aka ajiye ta a ɗakin ɗa, ya iso jami'a ya riga 'yar'uwarsa da shekaru. Rediyon gidanmu ke nan, da Turanci. A Malesiya kuwa, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i mata ne, da hijabansu, saboda iyaye a can suna kallonsa a matsayin aikin cikin ɗaki, mai tsafta, wanda ya dace da ɗiya mace. Don haka kada kowa ya jingina wa addini wannan abu. Mu da matanmu na kulle suka saba sana'a daga ɗaka, ƙuli-ƙuli da fura da turaren wuta, yanzu har da saida atamfa ta WhatsApp, wace sana'a ce ta fi dacewa da su kamar wadda ba ta buƙatar komai sai kwamfuta da caji da kai?

Ba sai na tuna maka alkawura ba, amma zan tuna. A watan Disamban 2017 gwamnati ta sa hannu a dokar kare ɗiya mace da tallafa mata har ta kammala karatu. Ba a yi ta don ado ba: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa kashi 89, mu ne kan gaba. An yi mana alkawarin makarantun kwana na 'yan mata guda ɗari a faɗin ƙasa. Gwamnati ta sauya, na sani, amma 'yan matan ba su sauya ba, kuma hukumomin yanzu da bakinsu suke maganar sake gina ƙasa da tsayawa da ƙafafunmu. Ƙasar da ke son tsayawa da ƙafafunta, wa zai rubuta mata manhajar haraji da ta asibiti da ta jarrabawa? Za mu ci gaba da sayowa daga waje, muna barin rabin yaranmu a bakin murhu?

Kowace 13 ga Mayu muna ɗinka atamfa mu tuna matan da suka yi tattaki a Yamai a 1991 suna neman kujera a taron ƙasa. Ana jawabi, ana tafi, ana rabon lemu. Alhamis ta huɗu ta watan Afrilu kuma ranar 'yan mata da fasahar sadarwa ce a duniya. Ranar nan, ikon Allah, makulli yakan fito da safe! A share ƙura, a zaunar da yarinya gaban na'urar da ba ta taɓa kunnawa ba, a ce ta ɗora hannu ta yi murmushi. Madalla da wannan ci gaba. Washegari ɗaki ya koma bayan la'asar.

Don Allah, ranka ya daɗe, don darajar iyayenka. Ban roƙe ka gini ba, ban roƙe ka miliyoyi ba. Ka kira masu kula da ilimin sakandare na jaha, ka umarce su duk makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ta sa wa kowane aji awa biyu a mako cikin lokacin karatu, da safe, lokacin da yarinya take lakwal da yardar ubanta. A ba wata malama makulli na biyu, in babu wadda ta iya a horar da ita lokacin hutu, malaman lissafi mata muna nan kuma ba mu da wuyar koyo. Inda ɗalibai suka yi yawa a raba aji, mata su shiga nasu zagayen su kaɗai a farkon shekara har hannu ya saki. Ba a ma buƙatar intanet don farawa, Scratch da Python, harsunan da ake koyon rubuta manhaja da su, duk suna aiki ba tare da ita ba. Sannan duk rahoton da zai zo maka da adadin maza da mata, ka mayar da shi in bai faɗi ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa ba.

Akwai sauran magana, na sani. Kuran da ke ɗaukewa tsakiyar darasi, wanda 'yan fayafayan sola za su magance. Makarantun Dakoro da Mayahi da Gazawa da ɗalibansu ba su taɓa ganin ɗakin ba balle su yi kukan makulli. 'Yan matan da suka kai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƙyar, suka fito da takarda, mai ɗaukar aiki ya fara tambayarsu yaushe za su yi aure. Waɗannan sai wata wasiƙar.

Gani ya kori ji. Ka zaɓi makarantar da ka ga dama a birnin nan, ka zo ba sanarwa ƙarfe biyar na marece, ka leƙa ɗakin ka ƙirga hijabai. Sannan ka ba da umarnin, ka komo bayan wata uku ƙarfe goma na safe ka sake ƙirgawa. In lissafina bai fita ba, zan rubuta wata wasiƙar in ba jami'in nan haƙuri a bainar jama'a.

Cikin waɗanda na shiga da su mako biyun nan akwai wata 'yar ajin ƙarshe na kolej. Da makulli ya koma hannun mai shi, ta ci gaba da rubuta manhajarta a bayan littafin lissafi, ta adashin uwarta, layi bisa layi, tana kawo min ina dubawa da jan biro kamar jarrabawa. Sau ɗaya na ɗauko kwamfutata daga gida muka gwada, ta yi aiki bayan gyara biyu. BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, na tafe, kuma na ji an fara kai goro gidansu. Ita nake so ta samu awa biyun nan kafin damina.

Allah ya taya ka riƙo.

Wata malamar lissafi,
birnin Maraɗi.