Ku ba tanis fili, ku fara da Arthur Ashe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ƙorafi ne da ni kan shafinku na wasanni, kullum daga Arsenal sai Madrid kamar babu wani wasa a duniya in ba ƙwallon ƙafa ba. Don Allah ku ba tanis ko da rabin shafi ne, kuma ku fara da Arthur Ashe, yaranmu sun san Serena amma in ka ce Ashe sai su yi ta kallonka.

An haife shi a 1943 a Richmond ta jihar Virginia a Amurka, zamanin da baƙar fata bai isa ya taka filin tanis na Turawa ba, amma ya ci US Open a 1968, Australian Open a 1970, sannan Wimbledon a 1975, kuma har yau a maza baƙar fata shi kaɗai ne ya ci waɗannan. Na Wimbledon ɗin ya fi burge ni wallahi. Jimmy Connors, wanda suka kara da shi a wasan ƙarshe, matashi ne mai ji da ƙarfi, kowa ya gama yankewa zai yi wa Ashe kaca-kaca, shi kuwa da shekararsa 31 ya ƙi biye masa, sai ya riƙa turo masa ƙwallo a hankali ƙasa-ƙasa, Connors ya rasa inda zai kai ƙarfin nasa, zagaye biyun farko Ashe ya cinye shi 6-1, 6-1.

Mu 'yan Najeriya ma akwai abin da ya haɗa mu da shi. Yana Legas wajen gasa aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, bayan kwana uku yana tsakiyar wasa da Jeff Borowiak sojoji suka shigo fili suka ɗora masa bindiga a baya suka fitar da shi, baƙo guda fa.

Kuma shi ya hango Yannick Noah a Yawunde a 1971, yaro ɗan shekara 11, ya yi masa hanya zuwa Faransa, a 1983 yaron nan ya ci French Open. Ashe ya rasu a 1993 yana da shekara 49, sanadin cutar ƙanjamau da ya ɗauka ta ƙarin jini.

Muna da gasar Dala Hard Court a nan Kano, yara na buga abin mamaki babu mai ɗaukarsu ko hoto. In lokacinta ya zo ku turo wakilinku don Allah.

Naku,
Mai karatu daga Kano