A Kafa Masu Gadin Gobara a Unguwannin Sudan

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan hare-haren jirage marasa matuƙa a biranen Sudan, tun daga na Port Sudan a watan Mayun 2025, inda rumbunan mai suka yi kwanaki suna ci da wuta. Abin da rahoton bai taɓo ba shi ne wanda zai kashe wutar da ta kama gida ko kasuwa kafin motar kashe gobara ta iso.

Landan ta ɗanɗana wannan a daren 29 ga Disamba 1940. Jamus ta yi ruwan ƙananan bama-bamai masu tada gobara, daren Lahadi, ofisoshi a kulle babu kowa ciki, kogin Thames kuma ya janye, ruwa ya yi ƙaranci. Wutar da bokitin yashi zai iya kashewa a mintunan farko ta cinye tituna. Majami'ar St Paul ta tsira ne saboda 'yan sa-kai da ke kwana a rufinta. A Janairun 1941 gwamnati ta tilasta gadin gobara a wuraren aiki.

Rumbun mai ya fi ƙarfin bokiti, amma rufin gida da rumfar kasuwa ba su fi ba. Sudan na da ɗakunan agajin gaggawa na matasan unguwanni, waɗanda ke ciyar da jama'a tun 2023. Ina kira ga masu ba da tallafi su horar da su aikin gadin dare bi da bi, su ba su yashi, tsani da famfon hannu.

Naku,
Mai karatu daga Kano