A koya mana Turancin ganin likita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Satin da ya wuce na kai Inna asibiti, likitan da muka tarar ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ni kuma da takardar sakandare a hannuna amma wallahi bakina ya ɗaure. Inna ta ce jiri take gani, ƙirjinta na suka, ni abin da na iya faɗa kawai ba ta da lafiya, sai da wata nas ta zo ta yi mana tafinta.

Kuma kun san mu, komai zazzaɓi ne, alhali na sauro daban taifot daban, basir kuwa ba ciwon da ba ma jingina masa. Likita yana so ya ji tun yaushe, ina ne ke ciwo, suka ne ko zafi ko murɗa, wane magani aka riga aka sha, akwai hawan jini ko suga.

Don Allah ku buɗe ɗan fili duk mako a jaridar nan kan wannan, makarantun yaƙi da jahilci ma su sa shi a darasi, musamman na mata, su ne kullum a layin awo da rigakafi.

Naku,
Mai karatu daga Gusau