Wasiƙar ƙarshen zango na biyu zuwa ga iyayen yaranmu

Assalamu alaikum iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, malamai, kakanni da yayye da duk mai riƙon yaro a wannan sukuu namu, wato makarantarmu, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana.

Toh Alhamdulillahi zango na biyu ya zo ƙarshe, kuma wallahi tunda na kama aikin nan ban ga zangon da ya cika da hidima irin wannan ba, mun buɗe a Janairu hunturu na kaɗawa yara suna shigowa ƙafa fari fat leɓe a tsage, kafin mu ankara atisayen maci ya taso azumi kuma ya shigo a kansa, ga ƙwallo ga fita ga jarabawa. Malamai sun sha aiki, dan Allah in kun haɗu da su a hanya ku ce musu sannu.

Zan fara da zuwanmu fadar Manhyia a nan Kumasi don shi ya fi tsaya min a rai. Daga unguwar Aboabo zuwa fadar Asantehene, wato sarkin Asante, ba nisa, a ƙafa ma ana zuwa, amma da na tambayi 'yan aji 5 da 6 wa ya taɓa shiga gidan tarihin da ke wurin, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yaran da aka haifa a Kumasi aka yanke musu cibiya a Kumasi fa. Shi ya sa muka ɗau trotro, wato motar haya, muka kwashe su. Gidan da aka mayar gidan tarihin turawan Ingila ne suka gina shi a 1925 saboda Asantehene Nana Prempeh na ɗaya, wanda suka kama a 1896 daga baya suka kai shi tsibirin Seshel, bai dawo gida ba sai 1924, shekara 28 kenan mutum na ƙasar wasu. An nuna musu mutum-mutumin sarakuna da na Yaa Asantewaa wadda ta ja yaƙin 1900, wani ƙaramin cikinsu har ya ɗan rusuna ya gaida mutum-mutumin don ya ɗauka mai rai ne, ban hana shi ba, tarbiyyar gida ce ta fito.

Da muka iso wurin kayan zinariyar nan da aka dawo da su daga Landan a 2024 aka yi musu bayani cewa da yawansu sojojin Ingila ne suka kwasa lokacin da suka ci Kumasi a 1874, kuma na gidajen tarihin Landan ɗin aro aka ba da su ba kyauta ba. Sai wani yaro ɗan aji 5, wanda a aji sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa, ya ɗaga hannu ya ce, Malam ta yaya za a ara wa mutum kayansa? Wurin ya yi tsit. Yaron nan malaminsa ya sha kawo min ƙorafi wai ba ya magana ba a san ko yana ganewa ba, ashe kansa na aiki wuri ne bai samu ba. Na ce masa ya riƙe tambayar nan kar ya yar, manya ma ita suke ta yi. Da muka dawo muka mayar da ita aikin rubutu, har yaran da layi uku ke gagara sai da suka cika shafi.

A hanyar dawowa na ƙara musu da namu tarihin, cewa kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar nan, ayari ya taso daga Kano da Katsina ya sauka Salaga, daga baya jama'a suka gangaro Kumasi, sunan Zongo ma daga zangon fatake ya samo asali, kuma sama da shekara 200 da suka wuce akwai malamai musulmi a fadar Asante masu rubutu da Larabci. Ina so yaranmu su san su ba baƙi ba ne a garin nan. Ku ma dan Allah ku riƙa ba su labarin gidanku, wa ya fara zuwa, daga ina, da wace sana'a, in akwai tsoho ko tsohuwa a gida a zaunar da yaro kusa da su tun suna raye.

Sai maganar 6 ga Maris. Kun san ranar ce Ghana ta samu 'yancin kai a 1957, Kwame Nkrumah ya yi shela a Accra, kuma duk shekara yara na yin maci. Bana ranar ta faɗo cikin azumi, mun ce ƙanana ba dole, manyan da suka ɗau azumi ma mun ce wanda ya ji jiri ya fita layi ba abin kunya ba ne. Atisayen mun maido shi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Masha Allah sun yi maci mai kyau, hannu na tashi tare ƙafa na sauka tare, mai ganga bai kuskure ba. Godiya ta musamman ga iyaye matan da suka kwana guga, na san wasu da dutsen gawayi suka yi saboda an ɗauke wuta a daren, amma ba yaron da ya zo da yunifom a yamutse.

A ɓangaren kimiyya 'yan aji 4 sun yi aikin tace ruwa. Aka yanke gorar roba aka kifa ta, aka jera auduga da gawayi da yashi da tsakuwa, aka zuba ruwan kwata a sama yara suka zagaye tebur suna kallo yana ɗiga a ƙasa ya yi haske. Ihu kam an yi shi. Malamin ya ja musu kunne cewa haske ba shi ne tsabta ba, ƙwayar cuta ba a ganinta da ido, sai an tafasa ruwan take mutuwa, kuma gubar da masu galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke zubawa a koguna irin su Offin da Pra gawayi da yashi ba sa iya mata. Ya gaya musu ruwan famfon da muke sha a Kumasi daga dam ɗin Barekese da Owabi yake zuwa, Barekese kuma a kan Offin ɗin yake. In yaronku ya dawo yana neman gawayin Mma da gorar ruwa, daga nan ne, a bar shi ya gwada amma kar a bari ya sha.

Ƙwallo kuma ba sai na faɗa ba, makaranta ce ta maza zalla. Mun yi gasa tsakanin azuzuwa, an ci an sha kashi an yi kuka an shirya. Kafin wasan ƙarshe na ba su labarin Baba Yara wanda babban filin wasan Kumasi ke ɗauke da sunansa, ya buga wa kulob ɗin Kotoko da Black Stars ta ƙasa, hatsarin mota ya kwantar da shi a 1963 ya rasu a 1969, da yawansu sun san filin amma ba su san sunan mutum ba ne. Musabaƙar Alƙur'ani ta cikin gida ita ma an yi ta a goman tsakiya na azumi, ƙananan sun karanta daga izu ɗaya, kuma muna gode wa malaman makarantar allo na unguwa don aikinsu ne muka gani.

Yanzu ga abin da ke damuna, kuma da ku nake iyaye maza, ku yi haƙuri da ni. Duk hidimomin nan da na lissafa, maci ne ƙwallo ne musabaƙa ce mitin ɗin iyaye ne, in ka duba benci mata ne reras, Hajiyoyi da goyo, kakanni da sanda, maza sai ɗaiɗaiku. Na san halin da ake ciki, wani yana kasuwar Kejetia tun asuba, wani yana kan pragya ko aboboyaa, babura masu ƙafa uku, in bai fita ba ba a ɗora tukunya, wani yana fitin, wato kanikanci, a Suame Magazine, ba wanda ya raina neman halal. Amma ranar musabaƙa ina tsaye kusa da wani yaro da ya zo na ɗaya a rukuninsa, ana kiran sunansa ana tafi shi kuma idonsa na kan geti, ya karɓi kyauta ya dawo ya zauna yana ta waige. Na tambaye shi wa kake nema, ya ce Baaba ya ce zai zo. Wallahi abin ya bi ni har gida. Yaro namiji yana so ubansa ya gan shi, ko minti 20 ne ka tsaya a baya ya hango hularka ya ishe shi. In ba hali a turo kawu ko baffa ko babban wa. Zango mai zuwa za mu mai da mitin ɗin iyaye ranar Lahadi bayan la'asar don a samu dama, kuma zan tsaya a geti da kaina in ga wa ya zo.

Sai makara, har yanzu akwai masu shigowa bayan an gama asembili da kokon su da ƙosai a leda, galibi kuma in ka bincika wayar babba aka bar musu har tsakar dare. A karɓe waya bayan isha'i dan Allah. Da damina ta shigo kuma a ja musu kunne kan wasa a bakin babban gwata na Aboabo, kun san yadda yake cika in an yi ruwa.

Takardar sakamako tana cikin jakar kowane yaro, ranar komawa na rubuce a jikinta, a duba a sa hannu a dawo da ita. Wanda ya ga jan biro da yawa kar a fara da bulala, a zo mu zauna tukuna. Masu sauran kuɗin fita Manhyia za su iya turowa ta MoMo a waya ko su kawo ofis, wanda abin ya yi wa nauyi ya same ni ni kaɗai ba wanda zai ji. A duba katin inshorar lafiya (NHIS) na yara ko ya ƙare a sabunta kafin a dawo, a yi musu aski a yanke farce. Akwai kuma buhu guda a ofis cike da rigunan sanyi da kwanukan abinci da takalma wari-wari tun na lokacin hunturu, a zo a duba kafin mu rufe.

Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Wassalam.

Naku,
Hedimasta