Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Edita,

Ka ba mu fili mu gyara wata magana da ake yawan faɗa wa masu niyyar Umara da Hajji, cewa Kano zuwa Jidda awa huɗu ce kacal. Maganar tana da tushe, amma tana sa tsofaffi shan wahala.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, tazarar a miƙe kusan kilomita 3,400 ce. Jirgin fasinja kan ci kilomita 800 zuwa 850 a awa, don haka idan an haɗa da tashi da sauka, awa huɗu da rabi ne ko biyar. To, miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu. Ƙarin awa kuwa ƙarin mai ne, daga aljihun maniyyaci yake fita. Mai sayen tikiti ya tambayi hanyar da jirgin zai bi.

Sai rikicin agogo. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, tikiti kuma yana rubuta lokacin kowane gari da agogon garin. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, za a ga ya sauka ƙarfe 5 na asuba, alhali a Kano ƙarfe 3 ne. A dawowa sai lissafin ya juye, tafiyar ta yi kamar awa uku. Nan ne masu tarbar alhazai ke zuwa fili da wuri ko su makara.

Wanda zai biya ta Alƙahira ko Addis Ababa, ya duba zaman jiran canjin jirgi, domin wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo. Jiran da bai kai awa biyu ba shi ma kasada ne: hazon hunturu na jinkirta tashi daga Kano, jirgi na biyu ya tafi ya bar mutum.

Abin da ya fi damun mu shi ne magani. Ana isa fili awa uku kafin tashi, a Jidda a bi layin shige da fice, a jira kaya, sannan motar Makka ta ci fiye da awa guda. Cikin sauƙi an haura awa goma sha biyu. Dattijuwa mai ciwon suga da aka ce mata awa huɗu ce, sai ta tura maganinta cikin babbar jaka a awo, ta zauna hannu na rawa a layi. Maganin kwana biyu, ɗan dabino da takardar likita su kasance a jakar hannu.

Haka harami. Mai sauka Jidda ya zarce Makka zai ƙetare miƙati yana sama, kafin saukar jirgi, ban ɗakin jirgi kuma ba zai ɗauki ɗaruruwan mutane su canza kaya a lokaci guda ba. A ɗaura tun daga Kano, a yi niyya idan an sanar. Mai farawa da Madina shi ne zai jira Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.

Muna roƙon hukumomin alhazai da kamfanonin shirya tafiya su riƙa rubuta wa maniyyaci lokacin sauka da agogon Saudiyya da na gida, su kuma karanta masa a wurin bita.

Daga wasu masu hidimar maniyyata, Kano