Ana kife tukunyar kantin daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ku da ma'aikatanku, na saurari shirin da kuka yi kan ciyar da ƴan lakwal albarkacin ranar 1 ga Maris, ranar da Tarayyar Afirka ta keɓe wa wannan batu, wadda a Yamai aka fara bikinta a 2016. Shirin ya yi daɗi. Sai dai an yi ta nanata cewa kantin lakwal, wato abincin da ake dafa wa ɗalibai, ita ce maganin tamowa, kuma wannan maganar ce ta sa na ɗauko alƙalami.

Ni tsohon mushe ne. Na daɗe ina riƙe da lakwal a wani ƙauye na Adar kafin in dawo Tawa in zauna, don haka ba wanda zai gaya mini amfanin kantin. Kafin a kawo mana ita, da hantsi ya ɗaga za ka ga kawuna sun fara sauka bisa tebur, domin yaron da ya baro gida da farau-farau a cikinsa ba ya jin lissafi. In aka tashi da rana, rabin aji ba ya dawowa da marece. Da aka ɗora tukunya kuwa, har uwayen da mazansu suka tafi biɗa Abijan ko Libiya suka daina riƙe ƴan mata a gida don talla. Wannan na gani da idona, kuma ina gode wa duk mai hannu a ciki, daga gwamnati da hukumar abinci ta duniya, PAM, har matan da ke shan hayaƙi a bakin murhu.

Amma ga abin da ya buɗe mini ido. Wata rana mai dafa mana abinci ta kawo mini ƙarar wata yarinya ƴar ajin CE1, wato aji na uku, wai tana satar shinkafa. Na sa mata ido. Takan yi loma uku ko huɗu, sai ta juye sauran shinkafa da waken a gwangwanin tumatir, ta tura ƙarƙashin hijabi. Da na kira ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mushe, na ƙanena ne."

Na bi ta gida. Yaron bai cika shekara biyu ba, an yaye shi da wuri saboda uwar ta samu ciki. Gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa sai gurbin ya tsaya. Ko kuka ba ya yi. Shinkafar da yayarsa ke hana cikinta don shi, ko kallonta bai yi ba. A likita aka zagaya masa ɗan zaren awo a damtse, ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, aka tura shi CRENI, sashen jinyar yara masu tsananin tamowa, a babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Tamowa irin waɗannan take kamawa, galibi daga wata shida zuwa shekara biyu. Ɗan lakwal kuwa sai ya kai shida ko bakwai yake shiga CI, wato ajin farko. Abin da jiki da ƙwaƙwalwa suka rasa a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, kwanon kantin ba ya mayar da shi duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sai ya fara bushewa muke isowa da ludayi.

Sannan a dubi kalanda. Ana rufe lakwal a ƙarshen Yuni, sai Oktoba a koma. Duk mutumin Adar ya san cewa tsakanin nan ne rumbu ke kaiwa ƙasa, tiyar hatsi ta yi tashin gwauron zabi, maigida yana gona ko bai dawo daga biɗa ba, ga zazzaɓin cizon sauro yana bin gida-gida. A daidai wannan lokacin muke wanke tukwane mu kife, mu sa kwaɗo. Ni da hannuna na sha sa kwaɗon nan, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba.

Abin da nake roƙo ba gagarumi ba ne. Madafa tana nan, tukwane suna nan, ƙungiyar uwayen ɗalibai tana nan. Me zai hana a bar murhu ɗaya a kunne da damina, a riƙa dama wa ƙannen ɗalibai da masu ciki kunun hatsi da garin wake da gyaɗa, a barbaɗa garin zogale? Ma'aikatan da ke rabon maganin rigakafin zazzaɓi da damina dama suna auna damtsen yara, sun san gidan da ke buƙata. Hatsin da waken kuma a saye su da kaka daga manoman wurin, lokacin da suke da sauƙi, a zuba a magaza. Akwai shekarar da muka yi makonni muna jiran motar kaya, alhali kasuwar ƙauyen cike take da wake, albasa kuwa daga Galmi ana lodinta zuwa ƙasashen waje.

Na san za a ce ai akwai biskit, wato Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na jinyar tamowa, wanda har a Yamai ake yin sa. Yana ceton rai, ban musa ba. Amma sai yaro ya faɗi ake ba shi, kuma a gidan da yara biyar ke zagaye da uwa, kada a ga laifinta in kowa ya lasa.

Ina roƙonku ku sake yin wannan shiri a watan Agusta, ku fito da makirufo daga ofis, ku miƙa wa masu dafa abincin kantin da uwayen da ke layi a likita. In kuna son wanda zai raka ku, ƙafata tana iya hawa babur har yanzu.

Naku,
Wani tsohon mushe,
Tawa